Yadda Na Yi wa Kwamfutar Tanut Rigakafi

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka kawo mana kwamfuta a Tanut ba. Na yi ƙoƙarin mantawa, Allah ya sani, amma mutanen yankinmu na Damargu ba su ba ni dama ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina aiki a ma'aikatar kiwo, aikina allurar rigakafin dabbobi. Daga Gangara zuwa Ollelewa, daga Falanko har rijiyoyin arewacin Belbeji, babu inda ban kai sirinji ba. Fulani da Buzaye da Hausawa duk Likita suke ce mini (takardata ta ƙaramin ma'aikaci ce, amma ban taɓa gyara wa kowa ba, sunan yana yi mini daɗi). Kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Na ga abin da cutar bushiya take yi wa garke. Na ga mutumin da ya kwana da shanu cike da fili, bayan 'yan kwanaki yana tsaye da sanda kawai a hannu. Saboda haka abu ɗaya ya zauna mini a kai: in aka ce cuta ta shigo, ba a jira. A ware, a wanke, a yi allura, tambaya ta biyo baya.

Bayan babban farin da ya share dukiyar mutane, wani furoje, wato shirin agaji, ya zo da niyyar saya wa makiyaya awaki da tumaki, a raba wa waɗanda suka rasa komai su sake tayar da garke. Kafin a raba sai an san wane ne ya rasa me, wane ne yake da saura. Mun shafe watanni muna bin rijiya rijiya muna tambaya muna rubutawa. Don a haɗa wannan bayani ne aka kawo kwamfutar, aka ware mata ɗaki a buro, wato ofishinmu, aka sa mata na'urar sanyaya ɗaki da ko Shef, shugaban ma'aikatarmu, ba shi da ita. Janareta ma saboda ita ake tayarwa.

Tare da kwamfutar aka turo mana Madam Zeinabu, 'yar Damagaram da ta yi karatun wannan fanni a waje. Ta girme ni a ilmi, na girme ta a shekaru. Mace ce mai magana a hankali, ba ta ɗaga murya ko da janareta yana ruri. Da aka ce a ba ta wanda za ta koya wa, Shef ya nuna ni, saboda na iya buga keken rubutu da yatsa biyu. Ranar na koma gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Ta koya mini yadda ake kunnawa, yadda ake shigar da sunaye, da yadda ake sa disket. Ga waɗanda ba su tarar da shi ba, disket wani faifai ne baƙi, mai laushi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, a cikinsa ake ajiye rubutu. Cikin kwamfutar tamu ƙarami ne, ba ya ɗaukar komai da komai, don haka da muka gama shigar da bayanin yankin Belbeji sai Madam ta kwashe shi ta zuba a diskoki. Kwafi biyu ta yi saboda tsaro, ɗaya a ɗakin kwamfuta, ɗaya a durowar Shef. Takardun asali kuwa, da yake Shef ya ce zamanin takarda ya wuce, aka jibge su a sito, gara ta yi bikinta a kansu.

Wata rana tana koya mini sai ta ce, “Likita, tsarin da ke tafiyar da injin nan ba irin na sauran burori ba ne. Malaman jami'a ne suka rubuta shi, kuma a buɗe yake. Duk mai so zai karanta cikinsa, ya ga yadda aka yi shi, ya gyara in ya ga kuskure.”

Na gyaɗa kai na ce, “Na gane, Madam.”

Ban gane komai ba. Kalma ɗaya ce ta maƙale mini, wato “a buɗe”. A sana'ata kuwa abin da yake a buɗe ba abin alfahari ba ne. Ciwo a buɗe shi ƙuda ke bi. Garke a buɗe shi baƙuwar saniya ke shiga ta zuba cuta. Na riƙe wannan a zuciya, ban faɗa mata ba don kada ta ce na cika tsoro.

Ta kuma ba ni abin da ta kira ƙaramin mabuɗi, wata kalma da nake bugawa in shiga. Ta ce da shi duk kuskuren da zan yi ba zai taɓa zuciyar injin ba, babban mabuɗin yana wurinta. Ta yi tunanin duk wata ɓarna da sabon hannu zai iya yi da yatsunsa, ta toshe.

Ana nan sai aka kira ta da Shef taro a Damagaram. Za su dawo tare da baƙi daga Yamai, masu ba da kuɗin furojen, kuma an gayyaci Kumandan, mai mulkin Tanut, da shugabannin makiyaya su zo su ga injin da sunayensu suke ciki. Da za ta shiga mota ta ce, “Likita, na bar maka amanar ɗakin nan.”

Na ce, “Ki tafi hankali kwance, Madam.”

Washegari da hantsi rediyon buro, wanda muke magana da Damagaram da shi, ya fara kira. Ni na ɗauka. Mai aiko da saƙo yana karantawa cikin Faransanci, murya tana zuwa tana yankewa. Abin da na tsinta shi ne: birus ya kama injunan furoje na Damagaram. Ta disket yake yaɗuwa. Ya cinye aikin wani buro gaba ɗaya. Madam ta ce a kula. Ana aiko da baksan tare da Tanko direba.

Birus. Baksan. Waɗannan kalmomi biyu ba baƙina ba ne, da su nake cin abinci. Birus shi ne ƙwayar cuta, irin wadda ke kawo bushiya. Baksan shi ne ruwan rigakafin da nake ɗura wa shanu.

Na danna maɓalli na ce, “Yana kama mutane?”

Rediyo ya yi ƙara ya yi ƙara, sannan mutumin ya ce, “Ni dai abin da aka rubuta na karanta maka.”

Na ajiye abin magana. Ban taɓa jin cewa ƙarfe yana ciwo ba, amma kafin watannin nan ban taɓa jin ƙarfe yana riƙe sunan mutum ba ma. Na ce a raina, in gara tana cin takarda, me zai hana a sami wata ƙwaya mai cin rubutun disket? Sai kalmar nan ta dawo mini. Injunan Damagaram da suke a rufe ma sun kamu, ina ga tamu da take a buɗe? Kuma diskokinmu, ai wasunsu daga Damagaram aka kawo su.

Ban tsaya neman Madam ta rediyo ba (wannan ita ce tambayar da kowa yake yi mini, kuma har yau ba ni da amsa mai kyau). Abin da na gani a idona shi ne matan da suka faɗa mana sunayen awakinsu da suka mutu, da mazan da suke jiran rabo kafin damina. Na ce ba a hannuna aikin nan zai mutu ba.

Na fara da ware mai cuta. Fati, mai buga mana takardu, tana fama da mura tun shekaranjiya, kuma na tuna ta shiga ɗakin kwamfuta shan sanyi. Na same ta na ce, “Fati, tattara ki tafi gida.”

Ta ce, “Lafiya, Likita?”

“Babu lafiya. Kin yi atishawa a ɗakin can?”

Ta ce, “Sau ɗaya, ina jin.”

Na dafe kai. Na bayyana mata halin da ake ciki. Ita ma ta tsorata, ta ɗauki gyalenta, amma a bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Da dai ka jira Madam.”

Na ce, “Fati, kin taɓa ganin bushiya ta jira wani?”

Ba ta taɓa gani ba. Ta tafi.

Na sa takalmin roba da safar hannu, na ɗaure hanci da ƙyalle. Na goge jikin kwamfutar da alkol, ruwan da muke goge kayan allura da shi, lungu da saƙo, har tsakanin maɓallai. Na so in buɗe cikinta in fesa magani, amma akwatin kayan aiki yana cikin motar da ta tafi Damagaram, na gwada da wuƙa kusoshin suka ƙi. Sai na aika gida aka kawo mini gidan sauro na kafa mata, na rufe ɗakin, na zuba toka a bakin ƙofa yadda muke yi a shingen dabbobi masu ciwo.

Da la'asar Tanko ya iso. Na tare shi tun bai kashe mota ba.

“Ina baksan?”

Ya miƙa hannu gaban mota, inda rana ta yini tana duka ta gilashi, ya ɗauko wata ambulan ya ba ni. Ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda.

Na ce, “Tanko, tun daga Damagaram a nan ka ajiye shi? Babu ƙanƙara, babu akwatin sanyi?”

Ya ce, “Madam ba ta ce a sa a ƙanƙara ba. Cewa ta yi in ba ka ka ajiye.”

“Shekara nawa kana ɗaukar mana magani? Wane baksan ne yake rayuwa a rana?”

Ya sunkuyar da kai, bawan Allah, har ya ba ni haƙuri. Na buɗe ambulan na ga disket ne a ciki. Wani mai hankali da nan zai tsaya ya ce, ashe abin ba irin wanda na sani ba ne. Ni kuwa sai na ga hujja. Ai baksan ƙwayar cutar ce da aka raunana, dole a zuba ta a cikin abin da cutar take zama. Na ruga da shi firijin magani, na tura shi can sama inda ruwa yake daskarewa, ina addu'ar Allah ya sa bai riga ya mutu ba. Tanko ya juya ya koma Damagaram don ya ɗauko su Shef, da akwatin kayan aikinsa.

Saura diskoki, su ne hanyar cutar. Ranar da baƙi za su zo na yi sammako. Na ɗauko babbar tasa, na zuba ruwa, na tsiyaya kirezil, maganin nan mai wari da muke wanke shinge da shi, har ruwan ya yi fari kamar nono. Na kwaso diskokin ɗakin kwamfuta. Na tuna da na durowar Shef, na san inda yake ɓoye mabuɗi, na kwaso su ma. Ɗaya bayan ɗaya na tsoma, na jujjuya, na tabbatar ruwa ya shiga ta ramin tsakiya da ta 'yar tagar gefe. Ban yi ha'inci ba. Sannan na ɗaura igiya daga bishiyar dogon yaro zuwa ginshiƙin baranda, na jera su da maƙalan shanya, a ranar bazara ta Tanut, saboda kowa ya san rana tana kashe ƙwayar cuta.

Na ja baya na dube su suna ɗiga, na ji wani irin natsuwa. Har na fara shirya yadda zan amsa in Kumandan ya yaba mini, kada in nuna zumuɗi.

Wajen azahar motoci suka shigo. Kumandan da dogarinsa, baƙin Yamai har da wani Bature mai jan wuya, Shef, Madam Zeinabu. Shugabannin makiyaya kuwa tun safe suke zaune a inuwar baranda suna shan shayi suna kallon aikina, cikinsu har da Alhaji Agali, wani dattijon Buzu daga arewacin Belbeji wanda na daɗe ina yi wa raƙumansa magani. Ban cire takalmin roba da safar hannu ba. Da gangan na bar su, don a ga shaida.

Warin ne ya fara tarbarsu. Na ga Bature ya taɓa hanci. Na matsa gaba, na ƙame, na gaida Kumandan, na fara ba da rahoto cikin Faransancina mafi kyau, sannan na maimaita da Hausa don dattawa su ji. Na ce labarin annoba ya iso mu a kan lokaci. Na ce an ware injin, an sallami mai mura, baksan yana cikin sanyi, kuma an wanke duk kayan da ake zargi. Na nuna igiya da hannu.

Kowa ya juya. A lokacin ne ni ma na dube su da kyau tun safe. Sun bushe, gaskiya. Sun kuma lanƙwashe, kowanne ya nannaɗe gefensa kamar kilishi a kan gado.

Madam Zeinabu ta taka a hankali har gaban igiyar, ta cire guda, ta juya shi, ta kai shi kusa da hanci. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa fiye da kullum.

“Likita, waɗanne ne waɗannan?”

“Duka ne, Madam.”

“Duka na ɗakin?”

“Duka.”

Ta lumshe ido ta buɗe. “To, da sauƙi. Akwai na durowar Shef.”

Na ce, da ƙarfin gwiwata, “Har su, Madam. Cuta ba ta san durowa ba.”

Shef ya nemi matakalar baranda ya zauna, a cikin babbar rigarsa ta tarbar baƙi. Kallon ƙasa kawai yake yi. Nan ne na fara gane abin da na yi. Na san fuskar mutumin da aka yi wa asara, na sha ganinta a bakin rijiya. Ban dai taɓa zama ni ne annobar ba.

Kumandan ya ce, “Madam, a yi mana bayani.”

Ta yi, kuma don Allah ta yi ƙoƙarin rufa mini asiri, amma wani asirin ba ya rufuwa a gaban igiya. Ta ce birus na kwamfuta ba halitta ba ne. Rubutu ne, wani mugun mutum ya zauna ya rubuta shi don ya ɓata rubutun wasu. Ba ya numfashi, ba ya jin magani, ba ya tsoron rana. Baksan ɗin ma rubutu ne, mai neman wancan ya goge shi. Sannan ta ƙara abin da ya ƙarasa ni. Ta ce wannan birus da ya addabi Damagaram an rubuta shi ne don irin tsarin injunansu. Tamu tsarinta daban ne, ko an sa mata shi a baki ba zai iya yi mata komai ba.

Na ji bakina yana cewa, “Amma kin ce a buɗe take.”

Ta dube ni, na ga lokacin da ta fahimci abin da ya faru a kaina tun daga farko. Ta ce, “Wayyo, Likita.” Shi ke nan abin da ta ce.

Bature ya tambayi wani abu, aka fassara masa, ya sake tambaya, aka sake fassarawa. Ya ɗauka mai fassarar ne bai iya ba.

Ina tsaye ina roƙon ƙasa ta buɗe, sai Alhaji Agali ya ajiye kofin shayi ya gyara rawani. Shi bai bi bayanin Madam ba, ya dai ga an taru a kan abokinsa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni tun safe nake kallon yaron nan. Bai yi wasa ba. Mu ma in raƙumi ya yi ƙazuwa haka muke yi, a ware shi, a wanke shi, a bar shi a rana. In abin nan bai warke ba, to kwanansa ne ya ƙare.”

Sauran dattawa suka ce haka ne, Likita ba ya wasa da aiki. Ɗaya daga cikin baƙin Yamai ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa. Da zagi aka yi mini da ya fi sauƙi.

Madam ta ce, “Ina wanda na aiko da Tanko?”

Da na iya da na ce ya ɓata. Amma na riga na sanar a gaban Kumandan cewa yana cikin sanyi. Haka na wuce gaba, jama'a suna bina, na buɗe firiji, na ɓamɓaro shi daga jikin ƙanƙara, a tsakanin kwalaben maganin ciwon huhu. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, yana hayaƙin sanyi.

Muka shiga ɗakin kwamfuta, kowa ya tsallake toka. Ta ɗaga gidan sauro, ta tsaya, ta juyo.

“Ka buɗe cikinta?”

“Na so, Madam. Ban sami abin kwance kusoshi ba.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi,” da wata irin murya da ban taɓa jin mutum ya gode wa Allah da ita ba. Aka tayar da janareta, ta kunna. Injin ya tashi lafiya lau, sai ƙamshin alkol. Bayanin Tanut da Gangara da Ollelewa da Falanko duk yana ciki. Na Belbeji kuwa, na ɗaruruwan gidaje, yana waje a kan igiya.

Ba a kore ni ba. Bayan baƙi sun tafi Shef ya kira ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Ka san rijiyoyin. Ka san mutanen. Gobe ka kama hanya, kada in gan ka sai da sunan kowa.”

Kafin in tafi na sami Madam tana kwance gidan sauro. Na ce, “Madam, don Allah, ashe ba ta buƙatar rigakafin ko kaɗan?”

Ta ce, “Doki yana kamuwa da bushiya?”

“Ba ya kamuwa.”

“Amma in ya ratsa garke mai ciwo, za ka bari a kai shi cikin shanu masu lafiya ba a duba ba?”

“Ba zan bari ba.”

“To shi ne. Don ita ba ta buƙata. Na aiko ne don in na dawo in duba diskokinmu kafin mu aika wa wasu, kada mu kai musu abin da mu bai dame mu ba.” Ta naɗe gidan sauron ta miƙo mini. “Ni ma da laifina. Wa ya aike ni in ce baksan ga mai allura?”

Na shafe sauran bazarar a daji, wani wuri a babur, wani wuri a raƙumin aro. Labari ya riga ni isa ko'ina. A wata rijiya wata tsohuwa ta kawo mini rediyonta, ta ce yana tari, in taimaka masa da allura. A wata kuma wani Bafulatani ya miƙo mini tocilarsa fuska a murtuke, ya ce idonta ya yi ja kwana biyu. Ina karɓa jama'a suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, babu yadda zan yi.

Amma ba ko'ina aka yi dariya ba. A wani zango na tarar da wani magidanci, Bammo, wanda na rubuta a zagayen farko. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, “Likita, an ce sunana ya narke a rana.”

Na ce, “Haka ne. Ni na narkar da shi. Na zo ka sake faɗa mini.”

Ya gyara zama. Sannan ya fara, kamar wancan karon. Bai iya cewa saniya kaza ba, sai ya kira kowace da sunanta, da launinta, da inda ta faɗi. Matarsa ta tashi ta shiga bukka. Ni na sa mutumin nan ya sake binne garkensa, ina zaune da alƙalami ina gumi. Da ya gama ya ce, “Wannan karon ka ajiye shi a inuwa.” Ba da wasa ya faɗa ba, kuma ban ɗauke shi wasa ba.

Na dawo na rame, na yi baƙi, leɓe duk ya tsage. Ni da kaina na shigar da sunayen, Madam ta yi kwafi, ta aika ɗaya Damagaram, inda hannuna ba zai kai ba (ta faɗi haka a gabana, tana murmushi). Rabon Belbeji ya makara, sai da ruwa ya sauka aka yi shi, amma an yi. Bammo ya sami awakinsa. Fati ta warke daga mura, ta kuma shafe shekaru in na shigo buro sai ta rufe hanci ta ce, “Likita, yau lafiyata ƙalau, kada a kore ni.”

Yanzu samari suna sa irin wannan buɗaɗɗen tsari a kwamfutocinsu, kyauta, kuma da yake an san na taɓa zama kusa da injin, wani lokaci sukan tambaye ni ko sabon hannu yana buƙatar maganin birus a kansa. Nakan ce, gwargwadon abin da aka koya mini da tsada, ba shi ne abin tsoro na farko ba. Ka kula da abin da kake karɓa, ka kula da abin da kake miƙa wa wasu, ka ajiye kwafin aikinka a wani gari. Abin tsoron shi ne sabon hannun da ya ji kalmar da ya sani a bakin masu wata sana'a, ya ɗauka tasa ce, ga shi kuma da himma. Malalaci da ya ji saƙon nan da ya koma inuwa ya kwanta, da babu abin da ya ɓaci.

Ni dai har na yi ritaya ban sake wanke komai a buro ba tare da izini ba. Ko kofin shayina ne, sai na ɗaga shi na tambaya ko akwai aikin wani a ciki.